Tsiro a Bokitin Fenti

Tsiron ya sake langaɓewa. Sada ya tsugunna a gabansa cikin ɗakin ajiya, tsakanin buhunan gyaɗa da tsohuwar garma, ya zuba masa ido. Jiya da safe ganyayyakin sama suna ɗan miƙe, yau kowanne ya rataya, karan ma ya sunkuya har ya kusa taɓa bakin bokitin. Abin duka bai wuce taƙi guda ba. Sada ya ɗauki buta, ya buɗe baki zai yi bisimilla, sai ya tsaya, don har yau bai san ko ana yi wa irin wannan shuka bisimilla ba. Ya tsiyaya ruwan haka nan.

Ruwa shi ne abin da ya sani. Manomin gero da gyaɗa ne a wani ƙauye kan hanyar Daura zuwa Zango, inda ƙasa rairayi ce, in an yi ruwa da hantsi kafin la'asar ta shanye ta goge baki. A wajensu in shuka ta sunkuyar da kai, ƙishirwa ce, babu wata magana. Tun daga kakanninsa ba wanda ya taɓa ba da labarin shukar da ƙoshi ya kashe. Saboda haka duk lokacin da tsiron ya ƙara yaushi, Sada ya ƙara masa ruwa, tsiron kuwa ya ƙara yaushi.

Tabar wiwi ce, gara a faɗa tun yanzu. Da wani zai tsaya a bakin masallaci ya ce Malam Sada na renon wiwi a ɗakin gyaɗa, da an ce a kai shi a duba masa kai. Sada ɗan kwamitin unguwa ne, kwamitin da ya kori mashaya daga kangon bayan firamare. Shi ne mai tafiya gaba da sanda. Ƙaninsa Hafizu ma, uwa ɗaya uba ɗaya, bai ƙyale shi ba, da ya ji warin abin a rigarsa ya watso masa kaya waje.

Matarsa Laraba ce ba lafiya. Ciwon daji ne, ya fara daga mama ya bi ƙashi. An kai ta asibiti a Daura, aka tura su Katsina, likitan can ya yi musu magana mai laushi wadda ma'anarta ita ce a koma gida. Ƙwayoyin da aka ba ta sun yi aiki na ɗan lokaci suka sallama. Abinci ya daina shiga, barci ya daina zuwa. In ciwon ya taso ba ta kuka, ita ba mai kuka ba ce. Gefen katifa take kamawa ta matse har jijiyoyin hannunta su fito, yatsun ƙafarta su nannaɗe kamar za su shige tafin.

Sau ɗaya tak ta samu sauƙi. Ran nan Sada ya tafi kasuwar Mai'adua sayar da akuya, Hafizu ya lallaɓo gidan. Laraba ce ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goya shi, ita yake kira Inna. Ya tafasa mata busasshen ganyen cikin shayi da madara. Ta yi barci tun azahar har rana ta yi sanyi, ta farka ta ce a ba ta ɗumame. Sada ya dawo ya iske ta zaune tana suɗe yatsa, har da dariya. Ya yi sujjadar godiya a tsakar gida, yana zaton rubutun da ya karɓo ne ya ci. Da ya leƙa madafa ya ga Hafizu na wanke tukunya, warin ya dake shi, sai ya rarumi ƙotar fartanya. Ya ce in ya sake ganin ƙafarsa a gidan, shi da kansa zai miƙa shi ga hukuma. Hafizu ya tsallaka iyaka, aka ce yana wajen haƙar zinariya can bayan Agadas. Lambarsa ba ta shiga.

Washegari ciwon ya dawo, bai kuma sake tafiya ba.

Sada ya daure iya daurewa. Da abin ya fi ƙarfinsa, wata ranar da yamma ya canza hula, ya bi ta bayan tasha inda samarin da suka kora suka koma zama, ko zai samu ganyen ya saya. Ya shirya abin da zai ce tun daga gida. Ko sallama bai gama ba wani ya ɗago kai ya ce, "Malam Sada ne." Kafin ƙiftawa kowa ya tsallake katanga, aka bar masa takalmi wari guda da benci a kife. Ya tsaya yana kira, "Ku dawo, ba abin da ya kawo ni ke nan ba." Wa zai dawo? Shi ya koya musu gudun.

A aljihun tsohuwar rigar sanyin Hafizu ya tsinci kwalin ashana da 'ya'yan abin a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya, kowa ya san haka, Sada ma ya sani. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya samo bokitin fenti, ya ɗebo laka daga bakin kududdufi don ya ga ta fi rairayi maiƙo, ya cuɗa ta da takin awaki. Bai huda gindin bokitin ba, kada ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, domin Maijidda, ƙanwar Laraba mai zuwa kullum da safe ta yi mata wanka da girki, idonta ba ya barin komai. Tagar ɗakin tana kallon gidan maƙwabcinsa Malam Audi, shugaban kwamitin, don haka ya toshe ta da buhu ya rataya fitilar sola. Cikin duk abin da ya binne, guda ɗaya ne ya fito. Shi ne wannan da ke neman mutuwa a hannunsa, kuma duk faɗin ƙasar Daura babu mutum ɗaya da zai iya tambaya.

Ya rufe ɗakin, ya ɗauko kofin kunu ya shiga wajen Laraba. Maijidda ta riga ta tafi. Laraba na kwance ta juya wa ƙofa baya, ta rame har zanen ya fi ta cika katifar.

"Ga kunu da ɗumi. Ko kurɓi ɗaya."

"Malam," ta ce, ba ta juyo ba. "Kawo mini shi in gani."

"Wa?"

"Wanda kake shayarwa a ɗakin gyaɗa. Randa na ƙarewa kafin la'asar, hannun rigarka kullum da laka. Ni dai ban taɓa jin buhun gyaɗa ya nemi ruwa ba."

Sada ya tsaya da kofi a hannu. Ya nemi ƙaryar da zai yi bai samu ba, don bai saba ba. Ya ajiye kofin ya fita, ya dawo rungume da bokitin kamar mai ɗauke da jariri ranar suna. Ya taimaka mata ta jingina da bango.

Ta dubi ganyen, ta dubi mijinta, ta daɗe tana kallonsa. Da tana da ƙarfin dariya da ta yi.

"Ɗan kwamiti," ta ce. "Allah mai iko."

Kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta miƙa yatsa ta cusa cikin ƙasar, ta zaro ta kai hanci.

"Wari take yi. Ka huda gindin bokitin?"

"A'a."

"Haba Malam. Wannan ai ba gonarka ba ce. A gona ruwa na da inda zai je. Nan ina zai je? Nutsewa yake yi, kai kana ƙara masa."

Shekara da shekaru Laraba na renon na'ana'a da ɗoɗɗoya a fasassun tukwane bayan ɗakinta. Sada ya sha shayinsu, ya ci miyarsu, bai taɓa tsayawa ya tambayi me ya sa sai fasasshiyar tukunya take zaɓa ba. Tun da ta kwanta duk suka bushe, bai ma lura ba sai yanzu.

Ta sa shi ya gasa ƙusa a garwashi ya huhhuda gindin bokitin. Baƙin ruwa ya tsiyayo yana wari kamar kwata, Sada ya kawar da kai. Ta ce ya ɗebo rairayi daga tsakar gida ya cuɗa a gefe-gefe, a hankali, kada ya taɓa saiwar. Ta ce kullum in Maijidda ta tafi ya kawo shi bakin ƙofarta inda rana ke leƙowa, ya sa sakata a zaure.

"Sai me kuma?"

"Shi ke nan."

"Taki fa?"

"Wanda ka zuba ma ya yi masa yawa."

"Ruwa?"

"Sai na ce."

"To ni me zan yi?"

"Ka zauna."

Ta miƙa hannu ya ba ta butar, ta tura ta tsakanin katifa da bango. Sannan ta nuna kofin kunun da haɓa. "Wannan ma ka daina bi na da shi. In ina so zan faɗa."

Ya tambaye ta yaushe zai isa a tsinka. Ta ce Hafizu ya taɓa gaya mata ƙarfin ba a jaririn ganye yake ba, sai ya girma ya kai ƙugu ya yi kai, wata da watanni. Ta faɗa tana kallon rufin ɗaki. Shi ma bai dube ta ba. Kowannensu ya yi lissafinsa a zuci ya haɗiye.

Zaman nan shi ya fi komai wuya. Sada mutum ne da ko ranar sallah sai ya sami igiyar da zai tufka. Yanzu ga shi kan tabarma, hannuwa bisa gwiwa, tsiro a dama yana yaushi, mata a hagu tana matse katifa, kuma an ce duk wanda ya taɓa ya ɓata. Ganyayyakin ƙasa suka yi rawaya suka zube. Saman ƙasar ya bushe ya tsage, shi kuwa tsagewar ƙasa a wajensa kukan neman ruwa ne. Hannunsa ya kan nufi bayan katifa da kansa, Laraba ta ce "Malam" ido a rufe, ya janye. Wani lokaci ya kan fita ya tsaya gaban randa ya dawo. Bai taɓa jin kansa ba shi da amfani irin wannan ba.

Ana cikin haka wata ranar da la'asar aka buga ƙofar zaure. Sada ya kifa kwando kan bokitin ya fita. Malam Audi ne, fuskarsa cike da fara'a.

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Sa takalminka, Malam Sada. Yau Allah ya ba mu sa'a. An kama mai kawo wa yaran nan kaya, da jaka guda cike. Mai unguwa ya ce a ƙona a gaban jama'a."

Sada ya ce ba kowa wajen mara lafiya. Malam Audi ya ce ai ba daɗewa za a yi ba, kuma ba a yi wannan ba shi.

A kangon bayan firamare aka taru, ga mai unguwa, ga ɗan sanda, ga jama'a sun yi da'ira. An zazzage jakar a ƙasa. Busasshen ganye ne tuli guda, wanda cikin tafin hannu ɗaya daga ciki zai sa Laraba barci ta farka ta nemi ɗumame. Sada ya tsaya yana kallo. Ya yi tunanin ya yar da hularsa kusa da tulin ya duƙa ɗauka. Ya yi tunanin ya ja Malam Audi gefe ya gaya masa gaskiya, ko me zai faru ya faru. Yana cikin tunanin wani ya zo da jarka ya kwarara fetur a kai, ya bi ko'ina bai bar gefe ba.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce a cikinsu akwai wanda bai ji tausayin ƙaninsa ba saboda gaskiya, shi ya dace ya kunna. Jama'a suka ce haka ne. Aka miƙa wa Sada ashana.

Ta farko ta karye, ta biyu ta mutu a hannunsa. Wani ya ce iska ce. Ta uku ta kama, ya sake ta. Wutar ta tashi lokaci ɗaya, mutane suka ja baya suna toshe hanci suna kabbara. Shi kaɗai bai ja ba, hayaƙin ya lulluɓe shi, idonsa na zubar da ruwa, Malam Audi ya jawo shi ta hannun riga yana cewa, "Kai dai ba ka san tsoro ba."

Da ya shiga ɗaki Laraba ta buɗe ido, hancinta ya motsa. Ya gaya mata abin da aka yi, bai rage komai ba, har wanda ya kunna. Sai ta ce, "Matso." Ya matsa, ta kama gefen rigarsa ta kai fuskarta ta shaƙa, ta sake shaƙa. Sannan ta saki.

"Fetur ne kawai," ta ce. "Ɗauke kwandon nan, kana hana shi rana."

Bayan 'yan kwanaki ta cusa yatsa cikin ƙasar, ta zaro butar daga bayan katifa ta ce ya zuba kaɗan, gwargwadon wankin hannu. Washegari da ya fito da bokitin sai ya ga karan ya miƙe. Ganyayyakin sama sun buɗe yatsunsu, a tsakiya kuma ga wani sabo ɗan mitsitsi, kore shar. Sada ya durƙusa a gabansa, wannan karon bai tsaya tunani ba ya ce alhamdulillahi. Laraba ta yi murmushi, na farko tun ranar ɗumame.

"Ka gani? Da ka ƙyale shi."

Ya ji daɗi har cikin ransa, amma daɗin bai daɗe ba. Ya auna tsiron da hannu, taƙi guda da yatsa biyu. Ya dubi ƙugunsa, ya dubi hannun Laraba da awarwaro ke zamewa daga gare shi har gwiwar hannu.

Ranar da abin ya kai maƙura, Maijidda ta tafi da jan ido bayan azahar, ta ce za ta je Baure ta sanar da dangi su zo su gan ta. Sada ya sa sakata ya fito da bokitin. Ciwon ya taso tun safe bai sauka ba. Laraba ta matse katifa har yadin ya yage. Sai ya ji abin da bai taɓa ji ba tun da aka kawo ta gidansa amarya: ta yi ƙara, siririya, tana kiran mahaifiyarta da ta rasu tun tana budurwa.

Sada ya tashi ya zauna, ya sake tashi. Ya tofa mata addu'a, ya yi mata fifita, ya kira lambar Hafizu, muryar kamfanin waya ta ce ba a samunsa. Ya dubi tsiron a bakin ƙofa, rana na haska shi, tsaye kyam. Ya san abin da Hafizu ya faɗa. Ya kuma san wata da watannin nan ba na Laraba ba ne. Ya sa hannu ya kama karan daga tushe.

"Malam, bari," ta ce.

Ya riga ya tumɓuke. Saiwar ta fito da sababbin jijiyoyi farare tas, masu lafiya. Duk abin bai cika tafin hannunsa ba. Ya wanke, ya hura wuta, ya tafasa shi cikin shayi da madara yadda ya ji an yi. Ya kai hanci bakin tukunyar yana neman warin nan da ya sa shi ɗaukar ƙota. Bai ji ba. Ƙamshin ɗanyar ciyawa ne kawai, irin na rama in an dafa.

Ya tallafo kanta. Ta dubi kofin, ta dubi bokitin da ba komai cikinsa sai rami, sannan ta shanye duka, har ganyen da ya kwanta a ƙasa ta tauna. Ya mayar da ita kan matashi ya zauna yana jira. Inuwar katanga ta matso har bakin ƙofa.

"Alhamdulillahi," ta ce a hankali. "Ya fara sauka."

"Da gaske?"

"Da gaske. Akwai ɗumame?"

Ya tashi da sauri har ya yi tuntuɓe da bokitin. Ya ɗumama tuwon da Maijidda ta bari, ya kawo da miyar kuka. Ta gutsuri loma ƙarama ta sa a baki, ta yi masa murmushi. Ya koma ƙarshen katifar ya zauna, zuciyarsa na son ta yarda.

Zanen ya zame daga ƙafafunta. Yatsun a nannaɗe suke, sun kusa shigewa tafin. Ɗaya hannun nata ta ɓoye shi ƙarƙashin matashi, matashin na rawa. Lomar tana nan a kuncinta, ba ta haɗiye ba.

Sada ya jawo zanen ya rufe mata ƙafafun, ya gyara gefensa da kyau.

"Ci a hankali," ya ce. "Akwai saura."